Daga Sarkin Ƙofa Zuwa Na'urar Karanta Shaida: Tarihin Shige da Fice a Ƙasar Daura



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba tarihin wata na'ura wadda ta riga ta shiga rayuwarmu ba tare da yawancinmu mun san sunanta ba, watau na'urar da ke karanta shaida ta hanyar igiyar rediyo, wadda Turawa ke kira RFID a taƙaice. Ita ce ke buɗe ƙofar ɗaki a manyan otal-otal, ita ce ke karanta fasfo a filin jirgin sama, da ita ake ƙidayar kaya a manyan rumbuna na duniya, kuma da irinta aka tantance masu zaɓe a Nijeriya a 2015. Za mu dube ta ne daga ƙasar Daura, domin Daura gari ne na kan hanya da bakin iyaka, kuma tambayar da wannan na'ura ta zo amsawa, watau wa zai wuce, da wane kaya, bisa wace shaida, tsohuwar tambaya ce a wannan ƙasa.

Abin da nake so in nuna shi ne, kowace ƙofa abubuwa uku ke riƙe da ita: shaidar da mai wucewa ke ɗauke da ita, da wanda ke karanta shaidar, da littafin da ake gwada ta da shi. Zamani ya sauya na farko da na biyu ƙwarai da gaske. Na ukun kuwa, watau littafi da amanar wanda ke riƙe da shi, har yanzu a kansa adalcin ƙofa ya rataya.

Rijiyar Kusugu da Kan Maciji

Labarin Bayajida sananne ne ga kowa a nan. Masana irin su Farfesa Abdullahi Smith sun ja hankali tun 1970 cewa kada a ɗauki labarin a matsayin bayanin yadda aka kafa daulolin Hausa daki-daki. Duk da haka, labarin da al'umma ta riƙe tana maimaitawa yakan nuna abin da ya dame ta, kuma abu biyu ne suka shafe mu a cikinsa.

Na farko, masifar mutanen Daura a labarin masifa ce ta hana shiga. Ga ruwa a rijiyar Kusugu, amma maciji ya tsare, ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Wannan mai tsaro ba ya duban shaida, ba ya bambanta mai ƙishirwa da mai ɓarna, ƙarfi kawai ne hujjarsa. Na biyu, da gari ya waye aka tarar an kashe macijin, mutane suka yi ta da'awar cewa su ne suka yi aikin. Sarauniya Daurama ba ta karɓi maganar baki ba, sai ta nemi a kawo kan macijin, kuma baƙon da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana shi kaɗai ya iya kawo shi. Ashe tun a tushen labarinmu akwai fahimtar cewa shaida ta gari ita ce abin da mai gaskiya ke da shi, maƙaryaci kuma ba ya iya ƙirƙira.

Ganuwa, Ƙofa da Ayari

Biranen Hausa na da, Daura da Katsina da Kano da Zariya, ganuwa ta kewaye su, ba a shiga sai ta ƙofa, kowace ƙofa kuma da sarkinta. Ana rufewa da faɗuwar rana, a buɗe da safe. Sarkin ƙofa ba ya riƙe da takarda. Littafinsa yana cikin kansa: ya san mutanen unguwa, ya san ƙauyawan da ke kawo itace da hatsi, yana gane asalin baƙo daga tsagar fuskarsa da karin harshensa da irin ɗaurin kayansa. Aska ita ce katin shaida na wancan zamani, mutum na ɗauke da ita duk inda ya tafi, ba ta ɓata, ba a kuma aro.

Daura tana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure zuwa Damagaram, daga can zuwa Agadas da ƙetaren Sahara. Ayari na saukowa da gishiri da kanwa da dabino da dabbobi, yana hawa da tufafi da hatsi da goro da fatu. Ayari kuwa tsari gare shi. Madugu ne shugaba, shi ke magana da sarakuna, shi ke daidaita kuɗin fito da za a biya, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, a gari kuma akwai fatoma mai saukar da baƙi, wanda ke tsaya wa baƙonsa idan rigima ta taso. Raƙuma da shanu suna ɗauke da tambarin masu su, wanda aka yi da lalas ko aka tsaga a kunne. Wasiƙar sarki mai hatimi tana buɗe wa mai ita hanya a ƙasar wani sarki.

Har kayan ciniki ma suna da shaidarsu. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin cewa akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkudi, ta yadda idan an kai ƙunshin Barno aka buɗe aka tarar da aibi, sai a mayar da shi, dillali ya nemo wanda ya sayar a biya mai saye kuɗinsa. Wannan shi ne ainihin abin da kamfanonin jigila na yau ke kashe miliyoyi suna nema: a iya bin diddigin kaya daga hannun ƙarshe zuwa hannun farko. Takardar da ke cikin ƙunshin ba ta da wani amfani in ba don akwai sarkin kasuwa da alƙali waɗanda za su tilasta a biya ba.

Wannan tsari yana da nasa aibi, bai kamata mu yi masa kwalliya ba. Wanda aka sani yakan wuce da sauƙi, baƙo maras uban gida yakan sha wuya. Tsagar da ke kare wani ita ce ke tona asirin wani a lokacin yaƙi da kamun bayi. Bayan jihadi, da Malam Isiyaku ya karɓi Daura wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita, ƙasar ta rabu, aka sami sarautar Fulani a birni, zuriyar tsofaffin sarakuna kuma a Zango da Ɓaure, ga kuma Damagaram da ƙarfinta a arewa. M. G. Smith ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa kan al'amuran Daura na 1978. Abin da rabuwar ke nufi ga falke shi ne ƙarin masu tsare hanya da ƙarin wuraren biya.

Zamanin Takarda

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya kafa harajin ayari. Aka ajiye tashoshi a kan manyan hanyoyi, ana karɓar kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har iyakar kashi 15, a ba madugu takarda ya nuna a gaba. Fatake suka yi ta kuka, suna kauce wa tashoshin ta cikin daji, har aka soke harajin a 1907. Amma al'adar ta riga ta kafu: daga nan shaida ta tashi daga fuskar mutum ta koma takarda, mai karatu kuma ya zama malamin gwamnati ko na En'e. Rasit na haraji da na jangali suka zama abin da talaka ke adanawa kamar ransa, har zuwa 1979 da Gwamna Balarabe Musa ya soke su a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987.

A wannan zamani ne kuma aka yi wa ƙasar Daura sabuwar ganuwa wadda ba a gina ta da ƙasa ba. Ingila da Faransa sun yi yarjejeniyar iyaka a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, sa'an nan jami'ansu, Tilho da O'Shee, suka bi suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. A 1906 ɗin ne Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango ya zama Sarkin Daura. Layin iyaka ya ratsa tsakanin dangi da dangi, tsakanin gona da mai ita. Kwangwalam, a kan hanyar Matamaye da Damagaram, ta zama ƙofar da ta gaji ƙofofin birni, ma'aikacin kwastan da na shige da fice suka gaji sarkin ƙofa.

Takarda ta kawo ci gaba, domin baƙon da ba wanda ya san shi yana iya nuna ta ya wuce. Amma ana iya yin jabunta, ruwa na iya lalata ta, mafi muni kuma, akasarin masu ɗauke da ita ba su iya karanta abin da aka rubuta a kansu ba. Ikon da ke hannun mai karatu sai ya yi yawa, inda kuwa iko ya yi yawa babu mai duba shi, nan cin hanci ke yin gida.

Asalin Shaidar Rediyo

Yanzu sai mu bar Daura na ɗan lokaci mu duba inda na'urar ta fito. A Yaƙin Duniya na Biyu, rada tana nuna cewa jirgi na tafe, amma ba ta faɗin ko na wane ne. Sai Ingila ta sa wa jiragenta wani akwati wanda idan siginar rada ta same shi yakan mayar da amsa, a gane na gida ne. A 1948 wani masani mai suna Harry Stockman ya rubuta maƙala a Amurka yana nuna cewa ana iya aika saƙo da ƙarfin siginar da aka mayar kawai. A 1973 Mario Cardullo ya sami rajistar ƙirƙira ta shaida mai ajiye bayani, Charles Walton kuma ya ƙera katin da ke buɗe ƙofa ba da mabuɗi ba. A 1987 aka fara karɓar kuɗin hanya da wannan dabara a ƙasar Norwe, mota na wucewa ba ta tsaya ba.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Shaidar kamar laya take: ɗan ƙanƙanin guntu ne mai ɗauke da lamba, an naɗe shi da siririyar waya, an rufe cikin kati ko roba. Yawancinsu ba su da batir. Na'urar karantawa ce ke watsa igiyar rediyo, wayar ta tsinci ƙarfin, guntun ya farka ya faɗi lambarsa, na'urar ta miƙa lambar ga kwamfuta, kwamfuta ta duba rajista ta ce a buɗe ko a hana. Wadda ake sa wa dabbobi tana aiki a kan kilohaz 134.2. Ta fasfo da katin ƙofa tana kan megahaz 13.56, sai an kusanto da ita kamar faɗin tafin hannu. Ta kayan jigila tana tsakanin megahaz 860 da 960, ana karanta ta daga nisan mita da yawa, ɗaruruwa a lokaci guda, ko da suna cikin kwali.

Misalin jiragen ƙasa na Amurka ya dace da ƙasa mai ƙura irin tamu. Daga 1967 sun manna wa taragu zane mai launi wanda na'ura ke karantawa da haske, amma datti ya riƙa rufe zanen, aka watsar da tsarin bayan kamar shekara 10. Da suka koma shaidar rediyo, wadda ƙura ba ta hana ta amsawa, zuwa ƙarshen 1994 kusan kowane tarago ya samu. A 2003 kamfanin Walmart ya umarci manyan masu kawo masa kaya guda 100 su sa shaidar a kwalayensu kafin Janairun 2005, daga nan ta bazu a harkar ciniki ta duniya.

Gwajin 2015

A Nijeriya, fasfo mai guntun lantarki ya fara aiki a 2007. Amma ranar da talaka ya yi ido biyu da na'urar ita ce Asabar, 28 ga Maris 2015. Hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta raba katin zaɓe na dindindin mai guntu a ciki, ta kuma kai na'urar da jama'a suka sa wa suna kad rida rumfunan zaɓe kusan 120,000. Aikinta biyu: ta tabbatar katin na hukuma ne kuma na wannan rumfa, sa'an nan ta gwada yatsan mai katin da zanen da aka ajiye. A Daura, a mazaɓar Sarkin Yara, Janar Muhammadu Buhari ya bi wannan tsari ya kaɗa ƙuri'arsa. A Otuoke kuwa na'urar ta ƙi karanta katin Shugaba Goodluck Jonathan bayan an gwada sau da dama, sai da aka tantance shi da takarda.

Darasi uku suka fito daga wannan gwaji. Na ɗaya, na'ura ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba, kuma wannan shi ne alherinta: ta rage damar mai sayen katunan mutane ya aiko wasu su yi zaɓe da su. Na biyu, na'ura tana iya hana mai gaskiya. Manomin da fartanya ta cinye zanen yatsansa ɗan ƙasa ne cikakke, dole a tanadar masa wata hanya, amma wannan hanyar ta takarda ita ce kuma ƙofar da mai maguɗi ke nema. Na uku, a farkon 2016, a shari'ar zaɓen gwamnan Jihar Ribas, Kotun Ƙoli ta yanke cewa na'urar ba ta maye gurbin rajistar masu zaɓe ba, domin dokar zaɓe ta lokacin rajista ta sani. Sai a dokar zaɓe ta 2022 aka ba tantancewa da na'ura gindin zama, lokacin kuwa hukumar ta riga ta sauya kad rida da wata na'ura mai duban yatsa da fuska. Kotu ta tuna mana abin da dillalan Kano suka sani tun 1824: shaida ba ta da ƙarfi sai wanda hukuma da doka suka ba ta.

Iyaka, Kasuwa da Dogo

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu, kuma rayuwar jama'arta a ɗaure take da iyaka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mutanen yankin 'yancin zirga-zirga, duk da haka an rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufewa a Agustan 2019, har aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An kuma rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Rufe ƙofa ɗungurungum dabara ce ta wanda ya kasa bambanta kayan halal da na fasa-ƙwauri. Mai bin doka shi ke tsayawa, mai fasa-ƙwauri kuwa ya san ɓarauniyar hanya, farashi ya hau kan talaka. A nan ne shaidar rediyo za ta iya yin amfani na gaske: motar da aka duba aka sa wa hatimin lantarki a Kano, za a iya ganin lokacin da ta wuce kowace tasha da ko an taɓa hatimin, ba sai an sauke kaya a kowane shinge ba.

Haka batun dabbobi yake. Kasuwar Mai'aduwa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na bakin iyaka, satar shanu kuwa ta addabi Jihar Katsina da maƙwabtanta. Shaidar kunne ta lantarki tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, ukun farko na iya nuna ƙasa: 566 Nijeriya, 562 Nijar. Ƙasar Botsuwana ta fara irin wannan rajista a farkon shekarun 2000 domin ta ci gaba da sayar da nama a Turai, ta hanyar sa wa saniya shaida a tumbi. Da yake sai jami'in gwamnati mai na'ura ya zo kafin a karanta, makiyaya suka riƙa jira, daga baya aka koma shaidar kunne wadda mai dabba ma ke iya gani da ido. Makiyayin da kakansa ya ɓoye shanu saboda jangali ba zai kawo garkensa a rubuta ba sai ya tabbata littafin na kare shi ne, ba na tatsarsa ba. Idan kuma mahauci da dillali ba su tambayi lamba kafin su saya, ɓarawo zai yanke kunnen ya wuce.

A ranar 9 ga Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A Disamban 2019 aka ɗora harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, aka kafa ta da doka a 2023. Dogon zamani da tashar kaya ba sa tafiya sai da irin na'urorin da muka bayyana, a kan tarago, a bakin rumbu, a ƙofar ma'aikata.

Kammalawa

Ga ma'aikatan gwamnati, tarihin nan yana ba da shawarar a yi tambaya huɗu kafin a sa hannu a sayo na'ura. Wa zai rubuta rajistar, wa kuma zai iya gyara ta? Wace doka ta tsaya mata? Ina mai gaskiya zai kai kuka idan na'ura ta ƙi shi, ko wuta ta ɗauke? Wa zai ga bayanin inda mutane suka shiga da inda suka fita, tun da na'urar ba ta mantuwa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhaki? Ofishin da ba shi da amsar waɗannan, ko ya sayi na'ura mafi tsada, cin hancin da ke bakin ƙofa ne zai koma ɗakin kwamfuta, inda ido ba ya kai wa.

Ga ɗalibai kuwa, sarautar ƙofa ba ta mutu ba, hannu ta sauya. A da sai wanda gari ya yarda da amanarsa ake ba mabuɗi. Yau mabuɗin yana hannun wanda ya iya haɗa na'ura, ya iya gyara ta, ya iya tsare rajista daga mai kutse. Idan 'ya'yan Daura da Zango da Ɓaure ba su koyi wannan ilmi ba, za a gina ƙofar a ƙasarsu, littafin yana wata ƙasa, su kuwa su tsaya a layi da kati a hannu. Idan sun koya, suka haɗa da amanar da aka san fatoma da madugu da ita, to hanyar Kano zuwa Damagaram za ta sake ciyar da garuruwan da ke bakinta kamar yadda ta yi shekaru aru-aru.